Zauren Tambaya da Amsa: Ina Iyakar Abin da Mutum Zai Yi Don Ya Tsira da Ransa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, amma kafin in zauna wuri ɗaya na yi shekaru ina bin manyan motoci masu kai kaya Agadas da Dirku. Kwanan baya gardama ta kaure a fadarmu, inda wani abokinmu ya rantse cewa shi ko zai mutu ba zai ci mushe ba, ba zai sha fitsari ba, wani kuma ya ce ƙarya ne, idan wuya ta yi wuya kowa dabba ne, har naman ɗan'uwansa zai ci. Ni ban sa baki ba, saboda akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa. A wata tafiya motarmu ta lalace a cikin saharar Tenere, muka kwana uku kafin wata ta iso. Kowa yana da jarkarsa da aka naɗe da buhun algarara aka rubuta sunansa a jiki. A dare na biyu tawa ta ƙare, kuma kusa da ni akwai wani dattijo yana barci, jarkarsa a gefen kansa. Na kwance murfin a hankali na yi kurɓi uku. Da gari ya waye ya ɗaga jarkar ya girgiza, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, bai ce komai ba. Dukanmu mun tsira, amma har yau kallon nan bai bar ni ba. Malam, ina iyakar abin da mutum zai iya yi don ya rayu, kuma mene ne matsayin abin da na aikata?

Daga wani mai karatu, unguwar Bagalam, Maradi

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na gode da ka amince ka faɗi abin da da yawa za su tafi da shi kabari. Zan fara da abokinka mai rantsuwa, domin wanda yake zaune a fada da kofin shayi a hannu yana yanke hukunci ne da hankalin da ƙishirwa ba ta taɓa ba, alhali hankalin shi ne abu na farko da ƙishirwa take kaiwa hari. Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin babban mutum ruwa ne, kuma mai tafiya a ƙasa cikin rana a wuri irin Tenere yana iya zubar da fiye da lita ɗaya ta gumi a awa guda. Tun ruwan da ya rasa bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 na nauyin jikinsa ba tunaninsa yake fara raguwa, ya riƙa saurin fushi da yanke shawarar da ba ta dace ba, idan kuma asarar ta haura kashi 10 sai harshe ya kumbura, fitsari ya ɗauke, ya fara ganin abin da babu shi. Shi ya sa ake cewa mutum ba ya wuce kamar kwana uku babu ruwa, a cikin tsananin zafi kuwa abin yakan gaza haka. Yunwa ta fi ƙishirwa haƙuri nesa ba kusa ba: fursunoni 10 da suka mutu a yajin cin abinci a Ireland ta Arewa a 1981, waɗanda suke shan ruwa amma ba sa cin komai, sun kai tsakanin kwana 46 zuwa 73 kafin rai ya yi halinsa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A watan Oktoba na 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Tamanrasat a Aljeriya, suka lalace a hanya, aka tsinci gawa 92, wato yara 52, mata 33 da maza 7, yawancinsu mutanen Kance ne a jihar Damagaram. An same su warwatse rukuni-rukuni, wani wurin uwa da ƴaƴanta a ƙarƙashin ƴar inuwa, kuma gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku. Abin da ya fi taɓa ni a wannan labari shi ne, rashin abinci a gida ne ya fitar da su tun farko, wato abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Game da fitsari, an yi waɗanda suka sha suka rayu. Wani ɗan sandan Italiya mai suna Mauro Prosperi ya ɓata a 1994 lokacin gasar gudu a saharar Maroko bayan guguwar rairayi ta rufe su, ya yi kwana tara yana shan fitsarinsa da jinin jemagun da ya kama a wani tsohon hubbare, har makiyaya suka tsince shi a cikin ƙasar Aljeriya. Sai dai likitoci ba sa ba da wannan shawara, domin fitsarin mai ƙishirwa kauri yake yi, cike da gishiri da dattin da ƙoda ta sha wahala ta fitar, mayar da shi ciki kuwa ƙara mata aiki ne a lokacin da ba ta da ruwan yi. Haka ruwan teku yake, mai gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, wanda jiki yake kashe ruwa fiye da wanda aka sha kafin ya rabu da gishirinsa. Mafi haɗari ga matafiyanmu shi ne ruwan lagireto idan an zuba masa maganin nan mai launi da ke sanyaya inji, saboda guba ne mai ɗan zaƙi a baki wanda yake kashe ƙoda.

Ta fuskar addini kuwa, abokinka ya ƙuntata wa kansa inda Allah ya yalwata. Ayar da ta haramta mushe da jini da naman alade a Suratul Baƙara, aya ta 173, ita ce dai ta ce wanda larura ta tilasta wa, ba yana mai zalunci ko ƙetare iyaka ba, babu laifi a kansa, kuma aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta ambaci matsananciyar yunwa da sunanta. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Risala ya san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya matsu yana iya cin mushe har ya ƙoshi, ya kuma yi guzuri, idan ya samu halal sai ya jefar da sauran. Malamai da yawa ma sun tafi a kan cewa cin ya zama wajibi a kansa, domin wanda ya ƙi ci har ya mutu ya taimaka wajen halaka ran da aka ba shi amana. Haka nan aya ta 106 ta Suratun Nahli, wadda malaman tafsiri suka danganta da azabar da aka yi wa Ammar ɗan Yasir, ta yi rangwame ga wanda aka tilasta ya furta kalmar kafirci alhali zuciyarsa tana natse da imani. Addinin da ya yi sauƙi a kan wannan ba zai kama mutum da laifin cin mataccen raƙumi a tsakiyar sahara ba.

Abokinka na biyu kuma ya haɗa abubuwa biyu da bai kamata a haɗa ba, wato cin naman wanda ya riga ya mutu da kashe mai rai don a ci. Na farkon ya faru, kuma sanannen misalinsa shi ne jirgin saman ƙasar Yurugwai da ya faɗi a tsaunukan Andes ranar 13 ga Oktoba 1972 da mutum 45, cikinsu har da ƴan wasan ƙwallon zari-ruga da danginsu. A wurin da suka faɗi babu ciyawa, babu dabba, sai ƙanƙara, kuma sun ji a wata ƴar rediyo cewa an daina nemansu. Bayan ɗan abincin da ke jirgin ya ƙare suka zauna suka yi shawara, wasu suna kuka, wasu suka yi kwanaki suna ƙi, kafin su fara yankar naman mamatan da sanyi ya adana, har suka yi wa juna alkawari cewa duk wanda ya riga mutuwa ya yarda a ci nasa. Mutum 16 suka fita da rai bayan kwana 72, kuma abin da ya fitar da su shi ne tafiyar kwana 10 da biyu daga cikinsu, Nando Parrado da Roberto Canessa, suka yi a ƙasa suna hawan tsauni har suka haɗu da wani makiyayi a ƙasar Cile. A fiƙihu wannan mas'ala ce mai saɓani, domin Muhtasar na Halilu ya cire naman ɗan Adam daga abin da larura take halattawa, yayin da Shafi'iyya suka yi rangwame idan mamaci ne kuma babu wani abin ci. Ni dai ban ga kaina da ƙarfin halin zagin waɗancan samari ba, musamman da yake a tsawon kwana 72 ɗin ba su ɗaga hannu a kan mai rai ko ɗaya ba.

Na biyun shi ne inda ƙofa take rufewa. A 1884 wani ƙaramin jirgin ruwan Ingila mai suna Mignonette ya nutse, mutum huɗu suka tsira a cikin kwalekwale, bayan kusan mako uku kuma biyu daga cikinsu, Dudley da Stephens, suka yanka yaron jirgin, Richard Parker mai shekara 17, wanda ya riga ya galabaita, suka ci. Kwanaki kaɗan bayan haka wani jirgi ya tsince su. Da suka koma gida ba su ɓoye ba, suna zaton al'adar matuƙa jirgi za ta kare su, amma kotu ta yanke cewa larura ba ta zama hujjar kisan kai, aka yanke musu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin wata shida. Malaman Musulunci sun riga kotun Ingila faɗar haka da ƙarnoni, domin sun haɗu a kan cewa ko takobi aka ɗora wa mutum a wuya bai halatta ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba don ya kuɓutar da kansa, tunda ransa bai fi na wancan daraja ba. Ka lura kuma da wanda aka zaɓa a cikin kwalekwalen: mafi ƙanƙanta, mafi rauni, wanda ba shi da bakin musu. Duk inda aka ce sai an sadaukar da wani, ƙuri'ar ba ta cika faɗawa kan mai ƙarfi ba.

Yanzu ga naka. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kuma zan so ka kai maganar gaban malamin da ka amince da shi, amma ga abin da na fahimta. Idan wani yana da rarar ruwa ko abinci, ɗan'uwansa kuma yana bakin mutuwa, wajibi ne mai rarar ya bayar, wanda ya matsu kuma yana da damar ɗauka, shi ya sa Sayyidina Umar bai yanke hannun ɓarayin abinci ba a shekarar yunwar da ake kira Amur Ramada. Amma idan mai abin shi ma yana cikin irin halin da kake ciki, to shi ya fi cancanta da abinsa, kuma a nan ne matsalar kurɓinka uku take, domin a daren da ka sha ba ka san mota za ta zo jibi ba, ba ka kuma san ko kurɓi ukun nan su ne tsakanin dattijon da ajalinsa ba. Ba zan kira ka azzalumi ba, tunda wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama, amma ba zan ce maka babu komai ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne ba ka tashe shi ka roƙa ba. Mutumin da ya girgiza jarka ya gane an taɓa ta, ya zaɓi ya yi shiru don kada a yi faɗa a inda faɗa yake nufin mutuwa, ina kyautata zaton da ka roƙe shi da ya ba ka. Idan kana da hanyar samunsa ko samun iyalinsa ka nemi gafara, idan babu ka yi istigfari, ka yi sadakar ruwa da niyyar ladan ya kai gare shi, randa ce a ƙofar shago ko taimakon gyaran rijiya.

Kuskuren ayarinku tun daga farko shi ne barin kowa da jarkarsa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya yabi Ash'arawa saboda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu ɗaya. Irin wannan tsari ne ya riƙe mahaƙa 33 da rami ya rufta da su a Cile a watan Agusta 2010, kimanin mita 700 a ƙarƙashin ƙasa, inda suka yi kwana 17 kafin a san suna raye, kowa yana samun kamar cokali biyu na kifin gwangwani da ɗan kurɓin madara bayan kwana biyu, aka kuma fito da su duka bayan kwana 69. Idan mota ta mutu a sahara a tara ruwa wuri ɗaya a hannun wanda aka yarda da shi, a raba da ma'auni ɗaya a idon kowa, a kafa inuwa da tamfol a kwanta da rana ba tare da cire tufafi ba, duk wani aiki a bar shi sai dare. Kada kuma a watse a bar motar sai an tabbatar da inda rijiya take da nisanta, domin mai nema ya fi saurin hango mota da hayaƙin tayar da aka ƙona a kan mutum ɗaya da ke tafe cikin rairayi.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Surukata, wadda ta taso a wani ƙauye a yankin Dakoro, ba ta son a ambaci anza a gabanta. Sau ɗaya kawai ta gaya mini cewa a shekarar El Buhari takan jiƙa ta a tukunya ta ɓoye bayan ɗaki don kada maƙwabta su gani, alhali su ma abin da suke ci ke nan. Ƴaƴana sun ji labarin suna dariya. Shin gaskiya ne anza guba ce, kuma me ya sa tsofaffi suke jin kunyar abin da ya cece su?

Daga wata malamar makaranta, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi

AMSA

Malama, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Tambayarki ta fi kusa da rayuwarmu a kan labarin jirgin sama da kwalekwale, domin a ƙasar Hausa halin tsira da rai bai cika zuwa da rana ɗaya ba, a hankali yake shigowa gida har ya zauna. Kakanni sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, iyaye sun ga farin 1973 da 1974 wanda ya taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Diori Hamani, sannan aka yi ta 1984 da aka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, hanyar da mutanen Maradi suka saba bi neman hatsi da aiki. Ta 2005 kuwa, wadda ta biyo bayan fari da farin ɗango na 2004, da idonmu muka gan ta, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, kaso mai yawa a jihar Maradi, alhali hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin tiya ne ya gagari talaka.

Magidanci ba ya faɗawa kan anza kai tsaye, akwai matakan da yake bi, kowanne ya fi na baya ciwo. Ana fara rage tuwo a koma sau ɗaya a yini, a tsinka kunu da fura, a yawaita tafasa da yaɗiya da jiga. Daga nan a sayar da awaki a lokacin da kowa yake sayarwa, farashi ya faɗi, maigida ya bar gonarsa ya tafi barema a gonar wani, a ci irin da aka ajiye don shuka, a jinginar da gona, samari su tafi ci-rani Katsina da Kano. Sai bayan wannan ake kaiwa ga dusa, da sussukar ƙarangiya don ɗan ƙwayar da ke cikin ƙayarta, da tonon gidan tururuwa a kwashe hatsin da ta tara. Saboda haka tukunyar anza a bayan ɗaki shaida ce cewa rumbu ya ƙare, garke ya ƙare, kuma maigida ya kasa, a al'ummar da rufin asiri yake gaba da kusan komai. Abin da Inna take ɓoyewa ke nan, ba ƴaƴan itacen ba.

Game da guba, akwai ƙamshin gaskiya. Anza itaciya ce mai jure fari, tana nan kore shar lokacin da komai ya bushe, kuma ƙwayarta tana da abinci sosai mai riƙe ciki da gina jiki. Amma tana ɗauke da wani sinadari mai tsananin ɗaci wanda yake wahalar da ciki idan ba a fitar da shi ba, musamman ga yara da wanda yunwa ta riga ta raunana. Shi ya sa ake ɓare ta, a shanya, a jiƙa kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani har ɗacin ya fita, sannan a dafa kamar wake ko a daka a yi gari. Wahalar ita ce aikin yana cin ruwa da yawa a shekarar da ruwan ma sai an yi tafiya, kuma uwar da yara suke kuka a gabanta takan gaza jira ta sauke tukunya kafin lokaci, daga nan ne ciwon yake zuwa. A yau akwai masu sarrafa ta a Damagaram suna sayar da garinta da sauran kayan ci da aka yi da ita, masu kuɗi suna saya da sha'awa.

Ki gaya wa yaran cewa rundunar sahabbai 300 ƙarƙashin Abu Ubaida ta taɓa kaiwa ga dabino ɗaya a yini ga kowane mutum, da ya ƙare suka riƙa kaɗo ganyen itace suna jiƙawa suna ci, har aka san rundunar da sunan ganyen. Sannan ki nemi lokacin da Inna take cikin nishaɗi, ba a gaban baƙi ba, ki tambaye ta a matsayin mai neman sani: kwana nawa take jiƙawa, sau nawa take sauya ruwa a yini, kuma da wace alama take gane cewa ɗacin ya fita har a iya ba yaro. Ki rubuta abin da ta faɗa da adadinsa, domin a unguwarku ba lalle ne a samu mutum biyar da suka rage da wannan sani ba.